Shagon da ya cika da hotuna: yadda ma'ajiyar wani gidan sari a Kumasi ta toshe gab da azumi

Saura kamar mako uku a ga watan azumin 2024, 'yar wani Alhaji mai sarin kayan masarufi a nan Kumasi ta kira ni. Ita ke riƙe da lissafin gidan. Ta ce manhajar da suke tafiyar da kasuwancinsu da ita ta fito da jan rubutu, wai wurin ajiyarsu ya cika har ya tumbatsa, kuma dillalin da ya kafa musu ita ya aiko da takardar farashin ƙarin wuri, da dala. Baba ya ce a biya a huta. Ita kuwa zuciyarta ba ta kwanta ba, domin ba ta ga abin da ya ƙaru a cinikinsu da zai cinye wurin da aka ce zai kai su shekaru ba.

Sana'ata ke nan, kafa wa 'yan kasuwa irin waɗannan manhajoji da duba su idan sun rikice. Na zaɓi in baje wannan lamari dalla-dalla ne saboda tun daga lokacin na sake cin karo da irinsa a unguwannin Alabar da Asawase da Tafo, kuma kusan ko'ina maganar farko ita ce a sayi ƙarin wuri. Na sakaya sunan gidan da na manhajar da na dillalin.

Gidan da yadda yake ciniki

Alhaji yana sarin shinkafa, sukari, man girki, tumatirin gwangwani, madara da taliya. Kaya na tasowa daga tashar jiragen ruwa ta Tema, a sauke a babban sitonsa da ke Aboabo. Yana da shago a wajen kasuwar Kejetia, da reshe ɗaya a Tamale. Mafi yawan abokan cinikinsa na kan hanyar arewa ne: Techiman, Kintampo, Tamale, Bolgatanga, har Bawku. Kakanninsa fataken goro ne, hanyar ba ta sauya sosai ba, kayan ne suka sauya. Kuma kamar yadda aka gada, cinikin bashi ne ya fi yawa. Mota ta tafi da kaya yau, kuɗi su biyo baya nan da mako biyu ko wata guda, ta MoMo, wato tura kuɗi ta wayar hannu, ko ta hannun direba.

A 2021 'yar tasa ta shawo kansa suka bar manyan littattafai suka koma manhajar tafiyar da kasuwanci wadda ke zaune a intanet, irin wadda ake cewa tana cikin gajimare. Wannan gajimaren ba wani abu ba ne illa kwamfutocin wani kamfani jibge a wani gini a wata ƙasa. Manyan kamfanonin wannan harka ba su daɗe da kafa irin waɗannan cibiyoyi a nahiyarmu ba. Microsoft ya buɗe nasa a Johannesburg da Cape Town a 2019, Amazon ya buɗe a Cape Town a 2020, Google kuma a Johannesburg a 2024. Wato littafin bashin ɗan kasuwar Aboabo yana kwance ne a Afirka ta Kudu ko a Turai, shi kuma ɗan haya ne. Hayar da dala ake lissafa ta. A farkon 2022 dala ɗaya tana wajen sidi 6 a kuɗin Ghana, kafin ƙarshen shekarar ta haura ninki biyu. Alhaji bai ƙara ko lasisi ɗaya ba a shekarar, amma kuɗin da ke fita daga aljihunsa a kan manhajar ya ninka. Shi ya sa takardar ƙarin wuri ta tsaya wa 'yarsa a rai.

Tsarin da suka saya ya ba su wurin ajiya na gigabait 100. Ranar da na buɗe shafin mai kula da manhajar, yana nuna 102.

Me ya cika wurin

Abu na farko da na lura da shi ba na fasaha ba ne. Manhajar ta yi ta aika gargaɗi tun wurin yana kashi 80 cikin 100, amma saƙonnin suna zuwa ne adireshin imel na wani matashi da ya taimaka wajen kafa ta, wanda ya bar gidan tun 2022. Wata da watanni ana buga ƙofar ɗakin da ba kowa a ciki.

Sai na fitar da rahoton da ke nuna nauyin kowane sashe. Ainihin lissafi, wato takardun ciniki, shigar kaya da fitarsu, basussuka, biyan kuɗi, sunayen abokan ciniki, na shekara uku cif, gigabait 11 ne kacal. Rajistar sauye-sauye, wadda ke rubuta wane ne ya taɓa me da yaushe, ta ci 19. Wani kwafin gwaji da aka yi a ƙarshen 2022 don koyar da ma'aikata ya ci 14. Sauran 58 ɗin duka hotuna ne.

Tarihin hotunan nan shi ne zuciyar lamarin. A watan Maris na 2023 gobara ta tashi a sabuwar kasuwar Kejetia. Shagon Alhaji bai ƙone ba, amma ya ga maƙwabtan da suka rasa kaya suka kuma rasa littattafan bashinsu, suka koma suna roƙon mutane su tuna nawa ake binsu. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Tun daga makon ya kafa doka: duk takardar da ta shigo gidan a ɗauke ta hoto a liƙa a manhaja. Webil, wato takardar rakiyar kaya, da abokin ciniki ya sa wa hannu, rasit, saƙon MoMo, takardar sito, hoton mota da lambarta, hoton buhunan da aka loda.

Dokar mai kyau ce, kuma har yau ina ganin Alhaji ya yi daidai. Abin da ba a lissafa ba shi ne nauyin hoto. Wayoyin yanzu suna fitar da hoto mai megabait 3 zuwa 5 (kimanin kilobait dubu ne megabait ɗaya, megabait dubu kuma gigabait ɗaya). A gidan ana ɗora kimanin hoto 50 a rana. In an ɗauki megabait 4, ya zama megabait 200 a rana, wajen gigabait 5 a wata. A wata goma sha ɗaya an kusa 58 ɗin nan. Da yayyafi kogi kan cika. Takardar ciniki ɗaya a rubuce cikin manhaja 'yan kilobait ce, kamfanin Salesforce ma kilobait 2 yake ƙirga wa yawancin bayanan da aka shigar a tasa manhajar. Ke nan hoton webil guda yana iya cin wurin da rubutattun bayanai dubu biyu za su zauna.

Akwai kuma wani abu da masu saye ba su cika tambaya ba, shi ne ba duk gigabait ne farashinsu ɗaya ba. Microsoft, a ma'ajiyarsa ta Dataverse da wasu manhajojin Dynamics 365 ke zaune a kai, ya raba wuri gida uku: rumbun bayanai, fayiloli, da rajista. Ya daɗe yana sa farashin ƙarin gigabait ɗaya na rumbun bayanai a dala 40 a wata, na rajista dala 10, na fayiloli dala 2. A ma'ajiyar fayiloli zalla irin S3 ta Amazon kuwa, gigabait ɗaya bai wuce senti 2 da ɗoriya a wata ba. Dalilin bambancin a fili yake. Rumbun bayanai wuri ne da ake so ya amsa tambaya nan take, a ce nawa ake bin wane, ya tattaro daga dubban layuka ya ba da amsa kafin ƙiftawar ido, don haka yana kan na'urori masu sauri da tsada. Hoto ba ya bukatar wannan, a ajiye shi kawai, in an nema a miƙo. To a manhajar Alhaji, duk hoton da aka liƙa wa takardar ciniki cikin rumbun bayanai yake shiga kai tsaye.

Cikar ba ta hana su sayarwa ba, shi ya sa ba wanda ya tsorata. Abin da ta hana shi ne yin sabon kwafi da maido da lissafi daga kwafin ajiya. Wannan ya fi tayar mini da hankali fiye da kuɗin. Azumi ne lokacin da sukari da shinkafa da madara suka fi fita, ma'aikata na aiki da ƙishi da gajiya. In wani ya yi kuskuren da ya taɓa ɗaruruwan takardu a irin wannan wata, hanyar komawa baya a toshe take.

Zama da Alhaji

Na same shi a sito bayan la'asar, 'yarsa na gefe da kwamfuta. Da na fara zancen gigabait ya ɗaga hannu.

"Malam, ni buhu na sani, katan na sani. Faɗa mini da harshen kasuwa."

Na ce, "Alhaji, nawa kuke biyan hayar shagon Kejetia, nawa kuke biyan na siton nan?" Ya ce ai ba haɗi, taku ɗaya a can ya fi ɗaki a nan. Na ce to manhajar nan shagon Kejetia ce. Kayan sayarwa sun ci kusurwa ɗaya, sauran shagon an cika shi da kwalayen tsofaffin takardu, kuma yanzu ana ce muku ku kama shagon maƙwabci don ku ci gaba da zuba kwalaye. In kun ƙara gigabait 20 yau, a yadda ake zubawa, kafin babbar salla ta wuce da wata guda ya sake cika, hayar kuma ba ta taɓa komawa baya.

Ya gane nan take, amma ya fahimce ni a kan cewa share hotuna nake nufi, sai fuskarsa ta sauya. Ya ba ni labarin wani abokin cinikinsa na Bawku da suka shekara ashirin tare, wanda ya ce buhu 160 na sukari aka sauke masa, ba 200 ba. Ba ƙarya mutumin ya yi niyya ba, yaransa ne suka ƙirga ba daidai ba. Hoton webil mai sa hannun babban yaronsa ne ya kashe maganar cikin minti biyar, zumunci bai taɓu ba. Ya ce aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaida ta sauka, shi kuma ba zai zubar da shaida don tsimin dala ba.

Ban yi musu da shi ba, don gaskiyarsa ce. Masu irin aikina kan kalli hoto su ga nauyi kawai, su ce a goge duk abin da ya wuce wata shida. Ga mai cinikin bashi hoton nan shi ne mai raba gardama tsakaninsa da mutumin da ba ya so ya kai kotu. Na ce masa ba zubarwa za a yi ba, kwashewa za a yi daga shago a kai sito, kuma duk ranar da ya nema za a miƙo masa.

'Yarsa ta ce, "Baba, akwai kuma wanda doka ta ce dole mu ajiye, akwai wanda ta ce kada mu riƙe."

Ya juya ya ce, "Mamana, wace dokar ce ke hana mutum ajiye takardarsa?"

Ta yi masa bayani, kuma ta fi ni iya wa mahaifinta. Dokar Gudanar da Haraji ta 2016, mai lamba 915, ta wajabta wa ɗan kasuwa riƙe takardun da suka shafi haraji aƙalla shekara shida, don jami'an hukumar haraji ta GRA na iya zuwa su nema. Ita kuma Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta hana riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da bukatar da aka karɓe su dominta take. A cikin hotunan nan akwai ɗaruruwan katin ɗan ƙasa, Ghana Card, gaba da baya, na mutanen da aka taɓa ba wa bashi, wasu sun biya sun sallama tun tuni. Kuma duk ma'aikacin da ke da izinin buɗe takardar ciniki yana iya ganinsu. Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce shi ma ba zai so katinsa ya kwana a wayar yaron wani ba.

Aikin

Kafin a kwashe ruwa ana toshe inda yake shigowa, don haka daga sababbin hotuna muka fara. Muka sa a riƙa matse hoto kafin ya hau. Nan ma Alhaji ya kafa sharaɗi, wanda ya zama ma'aunin da nake amfani da shi har yau: in ba zai iya karanta sa hannu da adadin buhu da idonsa ba, bai yarda ba. Muka ɗauki webil mafi muni a sito, kwafi na uku na takardar kabon, rubutun biro shuɗi da ya dusashe, ga tabon man ja a gefe. Muka matse shi mataki-mataki muna bugawa a takarda muna ba shi. A kilobait 100, lamba 3 da 8 sun fara kama da juna, ya ture. A wajen kilobait 300 ya karanta komai ba tare da ya kusanto da takardar ba. A nan muka tsaya. Hoto 50 a rana ya koma megabait 15 maimakon 200. Aka kuma ce wa direbobi hoton webil ɗaya ya isa, a ɗauke shi a inuwa, a shimfiɗe, ba a kan cinya ba. Da yawa cikinsu uku ko huɗu suke ɗauka don tsoron kada ɗaya ya ƙi fita, su ɗora duka.

Sai kwafin gwaji. Shi ne ya yi kama da nama a faranti, gigabait 14 da dannawa ɗaya za ta kawar, har a sauko ƙasa da iyaka a ranar. Ɗabi'ata ce kafin in goge komai in duba ranar da aka yi shigarwa ta ƙarshe a ciki. Na zaci zan ga 2022. Sai na ga jiya.

Wani yaro da aka ɗauka a reshen Tamale a watan Janairu, wanda ya gaji kwamfutar wani, ya tarar da mahaɗin kwafin gwaji a ajiye a burauza, manhajar buɗe shafukan intanet. Fuskar kwafin da ta ainihin manhajar iri ɗaya ce, kalmar sirrinsa kuma tana buɗe duka biyun. Mako biyar yana shigar da cinikin tsabar kuɗi na gaske a wurin da ba wanda ke dubawa. A Kumasi kuwa ana ganin kayan Tamale na raguwa a sito ba tare da ciniki ya nuna ba, har an fara raɗe-raɗin ko yaron yana da dogon hannu. 'Yar Alhaji ta gaya mini daga baya cewa an yanke shawarar a sallame shi bayan salla. Muka fitar da shigarwar tasa layi-layi, muka gwada da kuɗin da manajan reshen ya turo, suka yi daidai har sidi na ƙarshe. Da an goge kwafin nan a ranar farko, da shaidar da ta wanke shi ta tafi, ba kuma wanda zai taɓa sanin an zalunce shi. Alhaji da kansa ya kira shi a waya. Kwana uku muka yi muna mayar da cinikin inda ya dace, sannan aka goge kwafin. Yanzu in za a yi gwaji, ana sa masa jan tambari babba a sama, a kuma rubuta ranar da za a kawar da shi tun ranar da aka yi shi.

Rajistar sauye-sauye ba ta ba mu wahala ba. A 2022, lokacin da farashi ke sauyawa kusan kullum saboda faɗuwar sidi, an yi zargin wani na taɓa farashi a ɓoye, sai aka kunna bibiyar kowane gurbi a kowane shafi, aka manta da ita a kunne. Ko waƙafi aka gyara a adireshin abokin ciniki sai ta rubuta. Ba ta cin wuri kawai ba, tana rage wa manhajar sauri, kuma ranar da aka nemi wani abu na gaske a ciki sai ya ɓace a cikin miliyoyin layuka. Muka zauna da 'yar Alhaji muka tambayi kanmu inda kuɗi ke iya zurarewa: farashi, iyakar bashin da aka yarje wa kowa, lambar MoMo ko asusun bankin masu kawo kaya, soke takardar ciniki, da izinin shiga. Su kaɗai muka bar wa bibiya. Tsohuwar rajistar muka fitar da ita waje muka adana kafin a rage ta. Daga 19 ta koma 3.

Tsofaffin hotuna ne suka ci lokaci. Na'ura na iya gano hotuna biyu da suke abu ɗaya sak, amma ba ta san wanne bashi ne ke da rigima ba. Sai da babban yaron sito, wanda ya shekara da shekaru a gidan, ya zauna da mu yamma bayan yamma. Maimaitattu, da waɗanda suka fito dishi-dishi, da hotunan mota da buhuna na cinikin da aka gama, da katunan waɗanda ba a binsu komai, sun kai gigabait 12, aka share su bayan Alhaji ya ga samfuri ya amince. Duk abin da ke da bashi a buɗe ko gardama a kai, wajen gigabait 6, aka bar shi a cikin manhaja da cikakken girmansa. Katunan masu bashi a buɗe aka kulle su, mutum biyu kaɗai ke gani. Sauran 40 ɗin, takardun cinikin da aka biya amma shekara shida ba ta cika a kansu ba, su ne aka shirya kaiwa ma'ajiyar fayiloli mai araha, a bar mahaɗi a jikin kowace takardar ciniki. Hayarsu a can ba ta kai dala ɗaya a wata ba.

Akwai mataki mafi araha ma fiye da wannan, wanda ake binne fayil sai an nema a tono. A irin na Amazon da ake kira Glacier Deep Archive, tonowar kan ɗauki har awa 12. Mun ƙi shi. Mutumin da ya taso daga Bawku yana tsaye a sito yana musun buhu 40 ba zai jira gobe ba. Mun kuma kula da sunayen fayilolin, kowanne ya ɗauki lambar takardar ciniki da kwanan wata, don ko manhajar ta sauya wata rana a iya gano hoto ba tare da ita ba. Mutane da yawa na kwashe hotuna su zuba a wuri mai araha da sunayen da waya ta ba su, su wayi gari da tulin da ba mai iya neman komai a ciki.

Ranar da igiyoyi suka katse

Muna tsakiyar kwashewar, ranar 14 ga Maris 2024, azumi bai fi kwana huɗu ba, intanet ta ɗauke a kusan duk ƙasar. Igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku huɗu ne suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa: WACS, MainOne, SAT-3 da ACE. Hukumar sadarwa ta NCA ta ce gyaran zai ɗauki aƙalla mako biyar, kodayake an riƙa samun ɗan sauƙi kafin nan ta wasu hanyoyi.

Abu biyu suka fito fili a kwanakin. Na ɗaya, mun tsira ne saboda ba mu share komai daga manhaja ba sai bayan an tabbatar kwafinsa ya isa can lafiya, ƙirga da ƙirga. Da yankewar ta same mu muna kwashewa muna sharewa lokaci guda, da an rasa wasu a tsakani. Na biyu, gidan ba shi da ko shafi ɗaya na jerin masu bashi a hannu. Aka koma littafi da biro, Alhaji yana ba da kaya da abin da ya haddace. Da layi ya fara dawowa da rarrafe, ƙananan hotunan nan na kilobait 300 suna hawa, abin da na megabait 4 ba zai yi ba a irin wannan hali.

Daga nan aka ƙara abin da ba ya cikin shirinmu na farko. Kowace Asabar ana fitar da jerin basussuka da na kayan da ke sito a buga a takarda. Kowane ƙarshen wata kuma ana sauke cikakken lissafi a faifan ajiya mai kalmar sirri, a kai gidan Alhaji, ba a bar shi a sito ba. Kamfanin manhaja yana yin nasa kwafin ajiya, amma wannan ba ya amfanar wanda ba shi da hanyar isa gare shi.

Inda aka tsaya

Bayan ƙaramar salla aka kammala. Na gargaɗi 'yar Alhaji kada ta firgita in ta ga lambar ba ta sauka nan take ba, don rahoton ba ya sabunta kansa a lokacin da aka share, kuma wasu abubuwan sukan ɗan zauna a kwandon shara kafin su fita ɗungurungum. Bayan kwana biyu ya nuna gigabait 21. Ba a sayi ƙarin wuri ba. Saƙonnin gargaɗi yanzu suna zuwa adireshin gidan da ita da manajan ke buɗewa, ba na mutum ɗaya ba, kuma ranar Asabar ta farkon kowane wata tana rubuta lambar a bayan littafinta. Ba lambar kanta take kallo ba, tazarar da ke tsakaninta da ta watan jiya take kallo. Da haka ta kama lokacin da direbobi suka fara ɗora bidiyon sauke kaya, inda minti ɗaya ke cin abin da matsattsun hotuna sama da ɗari za su ci. Aka hana, sai in kaya sun lalace a hanya, shi ma a ma'ajiya mai araha.

Maganar da ba a gama ba ita ce ta saƙon murya. Rabin yarjejeniyar Alhaji a WhatsApp ake ƙulla ta da baki, yana kuma so a riƙa liƙa waɗannan saƙonni a takardun ciniki. Nauyinsu ba matsala ba ne, ba su kai hoto ba. 'Yarsa ce ke ja, tana cewa a cikin saƙon mutum yakan faɗi rashin lafiyar matarsa ko dalilin da ya sa ya kasa biya, kuma wannan ba abin da ma'aikata za su riƙa saurare ba ne. Har yanzu suna kai da komo a kai.

A watan Maris na 2025, da gobara ta cinye shaguna a Adum, a nan Kumasi, Alhaji ya sake kira na. Ya fito da littattafan mahaifinsa na fataucin goro daga cikin wata adaka, rubutun ajami, wasu shafukan sun fara cin kansu. Ya ce yana so a ɗauke su hoto, amma wannan karon kada a matse ko kaɗan. Na ce ba za a matse ba, kuma ba a manhaja za su zauna ba. Ya ce ya sani, sito za a kai su. Jikansa ne ke ɗaukar hotunan bayan ya taso daga makaranta, shafi ashirin a rana, a kan tabarma a inuwar zaure, ya kusa gama littafi na huɗu.